Jemage Ɗan Ci-rani: Inda Yake Sauka da Lokacin da Yake Tashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta 37 a birnin Accra dab da magariba, a watan Disamba ko Janairu, ya san abin da ake nufi idan an ce jemagu sun tashi. Tun la'asar sakaliya manyan itatuwan da ke gaban asibitin sojoji suke fara motsi. Kuka ya riƙa ƙaruwa, ɗaya ya saki reshe ya zaga ya dawo, goma su bi bayansa. Kafin ladanan Nima da Mamobi su kira salla, sama ta cika ta batse, kuma haka za su yi ta kwarara har duhu ya hana ka ganinsu. Amma ka koma wurin a watan Yuni ko Yuli, sai ka tarar da yawancin rassan fayau, 'yan tsiraru ne kawai suka rage. Mazauna unguwar sun saba da wannan zuwa da tafiya, shi ya sa ba kowa ke tambayar inda suka nufa ba. Amsar kuwa ta shafe mu, domin abin da binciken masana ya nuna shi ne arewa suke yi, zuwa ƙasashen kaɗanya da kuka, wato irin ƙasarmu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san wane jemage ake magana a kai, tunda a duniya akwai irinsu fiye da 1,400, a Nijeriya kaɗai kuma an ƙidaya kusan 100. Ba ƙaramin nan ba ne da ke shiga silin ko rufin soro, wanda ke fitowa da dare yana kama sauro da sauran ƙwari a kusa da fitila. Wannan babba ne, masana suna kiransa Eidolon helvum. Nauyinsa yakan kai giram 250 zuwa 300 ko sama da haka, idan ya buɗe fukafukai faɗinsu yakan kai santimita 75 zuwa 80. Fukafukan baƙaƙe ne, dogaye, masu tsini, gashin jikinsa kuma launin busasshiyar ciyawa, wuyan namiji har ya fi ɗaukar ruwan ɗorawa. Bakinsa dogo ne, idanunsa manya. Ba makaho ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari ne ke neman hanya da amsa-kuwwar sautin da suke fitarwa, shi kuwa da ido da hanci yake aiki, yana jin ƙamshin nunannen ɗan itace daga nesa.

Wata alama da ba ta ɓuya ita ce yadda yake kwana. Ba ya neman kogo ko rami. A fili yake rataya bisa dogayen itatuwa, a cunkushe, wannan a jikin wannan, har reshe ya sunkuya, wani lokaci ma ya karye. Ganyen saman itacen yakan kakkaɓe saboda yawan faratansu. Da rana ba sa yin shiru, suna ta cacar baki da ture-ture, idan zafi ya tsananta kuma za ka ga suna fifita da fukafukai. Abin lura, sun fi son tsakiyar gari: harabar asibiti, gidan gwamnati, jami'a, fada, lambun shaƙatawa, duk inda aka bar tsofaffin itatuwa kuma ba a barin maharba su shiga.

Ɗan asalin Afirka ne, kuma ba wani jemage mai cin 'ya'yan itace da ya kai shi bazuwa a nahiyar. Ana samunsa daga Senigal har Habasha, ya gangara har Afirka ta Kudu, ya tsallaka Bahar Maliya zuwa kudu maso yammacin ƙasar Larabawa, yana kuma tsibiran Sao Tome da Principe da Annobon. A Nijeriya an san matattararsa a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Ibadan, da Legas, da Makurɗi da Gboko a jihar Binuwai, da kewayen gidan tarihi na Jos. A Gana, ban da Accra, akwai gidan namun daji na Kumasi kusa da kasuwar Kejetia. Akwai unguwar Plateau a Abijan, akwai Yawunde da Kampala. Tsohon rimin nan na tsakiyar Freetown a Saliyo, wanda iska ta kayar a watan Mayun 2023, shi ma masaukinsu ne na shekara da shekaru.

Sai dai lissafa garuruwa kawai ba ya ba da cikakken labari, domin jemagen nan ɗan ci-rani ne. Yadda matasanmu ke gangarawa kurmi idan an gama girbi, su koma gida da faɗuwar ruwan fari, haka shi ma yake yi, kusan a watanni iri ɗaya. Daga wajen Oktoba zuwa Maris yana kudu, cikin kurmi da bakinsa, inda ba a rasa 'ya'yan itace ko da rani. A lokacin ne matattarar Accra da ta Ile-Ife suke cika maƙil. Da ruwa ya fara sauka, sai ayari ya watse, akasari su bi damina zuwa arewa. Wani masani mai suna Donald Thomas, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Kwadebuwa, shi ne ya fayyace wannan a 1983: ya nuna cewa suna barin kurmi da farkon damina, su shiga sabana har su doshi kwarin kogin Neja, sa'an nan su juyo. Birnin Wagadugu shaida ne. Matattarar da ke lambun Bangr-Weoogo a tsakiyar garin da damina take cika, wato daidai lokacin da ta Accra ta kwashe.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke jansu arewa abinci ne. Tsakanin Mayu da Agusta kaɗanya take nuna, ɓaure da cediya da durumi da gamji suna zuba 'ya'ya, ga ragowar mangwaro, ga gwaiba, ga 'ya'yan dogon yaro da suke matuƙar so. Kuka ma da farkon damina take fure, furen nata fari ne babba, yana reto a doguwar igiya, ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, kafin hantsi kuma ya fara yaushi. Furen da ke buɗewa da dare da baƙin dare yake jira, jemage kuwa na gaba-gaba cikinsu. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara ƙidayar wata-wata daga matattara 17 a faɗin Afirka, ya gano cewa isowar jemagun nan tana tafiya tare da lokacin da ƙasa ke yin kore shar a kowane yanki. Ke nan ba yawon banza suke yi ba, kuma ba su da alaƙa da wani mugun abu da ake cewa sun zo da shi. Manomin da ya ga sun sauka a kan itatuwan garinsu a watan Mayu ko Yuni, damina ya gani.

Haihuwarsu ma a kan wannan jadawali take. Binciken da aka yi a Ile-Ife da Kampala ya nuna wani abin al'ajabi na hikimar Ubangiji. Suna barbara ne wajen Afrilu zuwa Yuni, amma cikin ba ya fara girma nan take. Ƙwan yana zama a mahaifa ba motsi har wajen Oktoba ko Nuwamba, sa'an nan ya kama. A Afirka ta Yamma haihuwa takan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, dab da tashi, yadda shayarwa da yaye za su dace da lokacin yalwa. Uwa ɗa guda take haifa a shekara. Tana rataye, ɗan yana manne a ƙirjinta, ta lulluɓe shi da fiffike. Idan za ta fita kiwo a makonnin farko, da shi take tashi. A riƙe wannan magana ta ɗa guda a shekara, za mu dawo kanta.

Taro mafi shahara yana can kudancin nahiya, a gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya. Daga ƙarshen Oktoba suke fara isa, su cika wani ɗan kurmin fadama da bai wuce 'yan kadada ba, su ci 'ya'yan itatuwan dajin da suka nuna da farkon daminar can, kafin ƙarshen Disamba ko farkon Janairu sun watse. An daɗe ana cewa yawansu ya kai miliyan 5 zuwa 10. Da aka kafa kyamarori kewaye da wurin aka sa kwamfuta ta ƙirga masu fita, lissafin ya tsaya tsakanin 750,000 da miliyan 1. Ko da wannan adadin aka ɗauka, taron ya isa taro. A nan ne masana biyu, Heidi Richter da Graeme Cumming, suka ɗaura wa jemagu huɗu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, suka wallafa sakamakon a 2008. Jemagun sun nufi ƙasar Kwango, ɗaya daga ciki ya yi tafiyar kilomita 2,518 cikin kwana 149. Wani binciken na 2013 da ya duba ƙwayoyin gado ya tarar cewa jemagun nan na babban yankin Afirka, daga yamma har gabas da kudu, a gauraye suke tamkar dangi guda, sai na tsibirai ne kaɗai suka ware. Wanda aka harbe a wata ƙasa, asararsa tana iya bayyana a wata.

To, me suke yi mana da har za a damu da zuwansu ko rashinsa?

A duba yadda jemage ke cin abinci. Yakan ciri ɗan itace, ya tashi da shi zuwa wani itacen, ya rataya, ya tauna, ya matse ruwan da harshe a ganɗa, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Wanda ya leƙa gindin itacen da safe zai ga 'yan dunƙulen tuƙa a warwatse, da ƙwallayen kaɗanya ko na dogon yaro an side su tas. Daga nan ne aka samo maganar da ake yi cewa wai jemage da baki yake kashi. Ba haka ba ne, yana da mafita kamar kowace dabba, tuƙar ce mutane ke gani. Manyan ƙwallaye a gindin itacen da ya ci abinci suke faɗuwa. Ƙananan iri kuwa, irin na ɓaure da na loko, da ruwan suke wucewa ciki, sai ya kasayar da su yana cikin tafiya a sama.

Tafiyar kuma ba kaɗan ba ce. Masanan cibiyar Max Planck ta Jamus, tare da abokan aikinsu na Gana irin su Michael Abedi-Lartey, sun bibiyi jemagun Accra dare da dare. Da damina, lokacin da ba su fi 'yan dubbai a garin ba, a kusa suke kiwo. Da rani kuwa, da yawansu ya haura 150,000, an ga wanda ya yi nisan kusan kilomita 88 daga masauki, ya kuma dawo kafin gari ya waye. Sun lissafa cewa jemage yana iya kai iri har nisan kilomita 75, kuma matattarar Accra kaɗai tana iya watsa iri 338,000 a dare ɗaya, abin da zai iya tayar da daji mai faɗin kadada 800 a shekara. Tsuntsaye da birai ma suna watsa iri, amma yawancinsu ba sa son ratsa fili. Jemage yana ratsa gonaki da garuruwa da wuraren da aka sare ƙarƙaf, can inda aka fi bukatar irin. Loko, wanda kafintoci ke ji da katakonsa, yana cikin itatuwan da suka fi dogara da shi. Mu da muke kashe kuɗi kowace shekara wajen gangamin dashen itace don tare hamada, bai kamata mu raina mai yin wannan aiki kyauta ba.

Akwai ɗan'uwansa da ya kamata a ambata, don kada a rikita su. Shi ya fi ƙanƙanta, launinsa ƙasa-ƙasa, da ɗan farin gashi a gindin kunnuwa, namiji kuma yana da farin tozo a kafaɗu. Ba ya taron dubbai, za ka gan su goma ko ashirin ko hamsin a cikin duhuwar mangwaro ko dogon yaro, kowa da ɗan tazara. Shi ne mai wannan kuka na "kwin, kwin, kwin" a jere da tsakar dare. Irinsa ba sa doguwar ƙaura kamar babban, ana ganinsu a sabana har da rani, lokacin da ɗorawa da rimi ke fure. Jan tuntun ɗorawa da dare yake zubo zuma, jemagu su sha, su kwashi garin fure a fuska su kai wa wata bishiyar. Kalwar da ake daddawa da ita, akwai hannunsu a ciki.

Yanzu mu koma kan ɗa guda a shekara. Wanda ya ga sama ta rufe da jemagu zai rantse ba za su taɓa ƙarewa ba. Wannan gani yana ruɗi. Abin da ke rataye a kan itatuwa ashirin ko talatin a tsakiyar gari, jemagun ƙasa mai faɗin gaske ne suka taru wuri ɗaya na 'yan watanni. Harbi ɗaya na bindiga cikin cunkoso yana zubo da yawa, ya raunata wasu da za su mutu daga baya. Idan kuma a watan Maris ne, kowace uwa da ta faɗo da ɗanta take faɗowa. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa a Gana ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara don nama. Ɓera yana iya mayar da gurbin asara cikin watanni, dabbar da ke haihuwar ɗaya a shekara ba za ta iya ba. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi tun 2008 a jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari. A ƙasar Hausa cin jemage ba al'adarmu ba ce, amma muna da namu kason: yara da danƙo, hayaƙin tayar mota da ake turara musu, da sare tsofaffin itatuwa don gawayi ko don a yi shaguna. A ganina wannan na ƙarshe ya fi kowanne illa, domin itacen da ya shekara 80 yana karɓar baƙi ba a mayar da shi da dashen bana.

Ban ce zama da su ba shi da wahala ba. Suna da hayaniya, kashinsu yana ɓata mota da shanya, wurin yana ɗaukar wari, mai lambun mangwaro da gwaiba kuma yana da hujjar yin ƙorafi. Batun cuta ma gaskiya ne, ba a ɓoye shi. A jikin irin wannan jemage aka fara gano wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare a tsibirin Legas a 1956, har ta ɗauki sunan garin, ko da yake ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba. An kuma ga alamun wasu ƙwayoyin a jininsa. Amma hanyar da cuta ke bi a san ta: cizo, yakushi, jini lokacin fiɗa, da yawu ko fitsari a kan abin da za a ci ko a sha. Jemagen da ke wucewa ta saman gidanka ba ya sa maka komai.

Kisan kiyashi kuwa an gwada shi, an ga ƙarshensa. A mahaƙar Kitaka ta ƙasar Yuganda, bayan cutar Marburg ta kama wasu ma'aikata a 2007, an toshe ramin an hallaka jemagun da ke ciki. Waɗancan wani iri ne dabam, mazauna kogo. Bayan 'yan shekaru wasu suka sake cika wurin, kuma da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar sun fi na da yawa. A 2012 cutar ta sake ɓulla a garin Ibanda da ke kusa. An gudu ba a tsira ba. Haka ma korar babban jemage daga masaukinsa: tarwatsa su ake yi, su bar harabar da ba kowa ke kwana ba, su bazu cikin itatuwan gidajen mutane.

Abin da ya fi shi ne a yi amfani da sanin lokacinsu. Iyaye su ja wa yara kunne kada su ɗauki jemage da hannu, ko matacce ne ko wanda ya faɗo da rai, domin wanda ke ƙasa yawanci ba shi da lafiya ko ya ji rauni, kuma zai yi cizo. Idan ya zama dole a kawar da shi, a sa shebur, a binne shi da zurfi yadda kare ko kyanwa ba za su tono ba. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ya gaya wa ma'aikata cewa jemage ne. Ɗan itacen da aka tsinta da shaidar haƙori a bar shi, kada a yanke gefen a ci saura, kada kuma a ba dabbobi. Matan da ke fita tsintar kaɗanya da asuba su wanke hannu da abin da suka tsinto kafin a kai baki. A rufe rijiya da randa da tankin ruwa a watannin da suke gari, masu tara ruwan sama daga kwano su bar na farko ya zube. Kada a ɗaure tumaki ko doki, ko a kafa teburin mai shayi da mai tsire, a gindin itacen da suke kwana.

Mai lambu kuma yana da dabara a hannunsa. Jemage nunanne yake bi, wanda ya yi laushi yana ƙamshi. Idan aka tsinke mangwaro da gwaiba da gwanda da zarar sun ƙosa, aka nuka su a gida, an rage asara sosai, dama masu kai kaya kasuwa mai nisa haka suke yi. Nonon ayaba ko na dabino ana iya sa masa buhu mai shan iska. Idan za a yi amfani da raga, a nemi mai ƙananan idanu a ɗaure ta tamau, domin sakakkiyar raga mai manyan idanu tarko ce, sai an zo cire jemagen ne ake samun cizo.

Hukumomin asibitoci da makarantu da fadoji, waɗanda yawancin itatuwan nan ke hannunsu, su ma jadawalin ya sauƙaƙa musu. Inda reshe ya sunkuyo kan rufi ko wayar lantarki har ya zama dole a rage shi, a jira baƙin su tashi. A arewa wannan yana nufin bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Maris. A kudu kuwa sai tsakiyar damina, wajen Yuni zuwa Agusta, kuma ko kusa kada a taɓa itacen tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da iyaye mata ke ɗauke da jarirai.